Ragowar Soda a Sabulun Zumunta

Samaru, Zariya
12 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yayata Susanna,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Baba Mordecai da jikoki duka, da fatan ƙafar nan taki ta yi sauƙi har kina leƙa gona. Mu ma nan ƙalau muke, sai godiya. Maigidana Baban Augustine yana gaishe ki, ya ce in tuna miki alkawarin citta.

Da kunnenki yana ɗaukar waya da na kira ki na huta. Amma na san yadda za mu ƙare: ni ina ihu a Samaru, ke kina Kaciya kina tambayata wa ya rasu. Don haka ga takarda, direban motar garinku zai miƙa miki.

Na gode da man kaɗe. Tun watan Yuli ya iso, ban rubuto ba, laifina ne. Na ɗebi kaɗan na kai ɗakin gwajinmu na makaranta, na jera shi da man gyaɗa da manja da alayyadi, na tambayi ɗalibai me ya sa wannan ya zauna daram, wancan kuma yake malala, alhali duk sunansu mai. Suka yi min zuru, manyan yara masu gemu. Na ce musu ƙwayoyin man kaɗe miƙaƙƙu ne kamar karan dawa, suna kwanciya jikin juna su cushe. Na man gyaɗa kuwa a lanƙwashe suke, ba sa jeruwa, kuma ta wurin lanƙwasar nan iska ke shiga ta tsufar da mai har ya yi wari. Na ce musu yayata da ba ta wuce firamare ba ta san wanda zai shekara a tukunya da wanda ba zai kai ba. Ba su ji daɗi ba, ni kuwa ko a jikina.

Yaya, ba godiya kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da ya hana ni sukuni.

Kin san shekara shida ke nan da na koya wa Zumuntar Matan cocinmu yin sabulu. Ni na rubuta musu takardar awo, na kai aka rufe ta da leda, tana rataye a bangon sito. Ba sa zuba ko cokali ɗaya sai sun duba ta, don a wurinsu abin da Mama Lab ta rubuta ya zauna. Sunan da suke kirana ke nan saboda aikina na ɗakin gwaji, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗinsa. Sau biyu muke yi a shekara. Rabi mu sayar, rabi mu sa a kayan barka: duk matar da ta haihu a cocin muna kai mata baho da zani da sabulu sanda uku.

Wanda aka yi farkon Agusta ya sha iska sati huɗu yadda aka saba, aka raba shi ranar Lahadi ɗaya ga wata. Cikin waɗanda suka samu akwai Happiness, matar mai kaɗa mana jita a sujada, ɗanta na fari Wisdom watansa biyu. Ta yi masa wanka da shi safe da yamma. Yaron yana tsala kuka, ta ɗauka ƙin ruwa ne irin na jarirai. A kwana na uku fatar wuyansa da hammata da cinyoyi ta saɓule. Yanzu haka yana kwance a asibitin Shika. Na je na gan shi, an naɗe shi da farin ƙyalle, kukan ma ya gaji da yi. Na ɗora hannu a kansa na yi addu'a. Wasu mata biyu da suka yi wanki da sabulun su ma hannuwansu sun ɗaye. Mun bi gida-gida mun karɓe sauran.

Yanzu bakin kowa ya koma kan Ukachi. Kin tuna ta, ƙawata 'yar Ibon nan mai rumfar mai a kasuwar Sabon Gari, wadda ta ba ki kwalbar manja da kika zo bikin Augustine. A wurinta muke sayen alayyadin sabulu. Tun da aka fara raɗe-raɗin masu zuba kala a manja don ya yi ja, kowace mai sayar da mai ta zama abar zargi, sai ga wannan ya faɗo. Wai ta gauraya man da wani abu. Shekara ashirin a hannunta nake sayen man da ɗalibai ke gwaji da shi, ban taɓa kama ta da algus ba. Lokacin da Baban Augustine ya yi wata biyu a gadon asibiti, ita ce ke rufe rumfa da la'asar ta hau mota da kular farfesu. Ana wannan magana a gabana ranar Lahadi, ni dai ban ce komai ba tukuna.

Man kaɗenki ma ya shiga wancan sabulun, ɗan kaɗan, amma kada ki sa wannan a ranki. Ki sa yaron a addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Ni ce ƙanwarki,
Winifred

Samaru, Zariya
21 ga Satumba, 2024

Yaya Susanna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni, cittar ma ta iso, mun gode. Na ji daɗi da ƙafa ta saki. Wisdom yana samun sauƙi a hankali, ya fara kama nono. Wannan kaɗai ne labari mai daɗi da nake da shi.

Ranar Litinin Happiness ta bar yaron wurin surukarta a asibiti, ta hau mota har kasuwar Sabon Gari. Ashe ta ɓoye sanda ɗaya na sabulun. Ta jefa shi kan teburin Ukachi, ta ɗaga waya tana nuna wa duk mai wucewa hoton wuyan ɗanta, tana cewa ga abin da man matar nan ya yi. Ba na ganin laifinta, uwa ce. Kafin a ce kwabo layin 'yan mai ya cika maƙil. Shugabannin ƙungiyarsu suka ce don kare sunan layi za su kulle rumfar har sai an gwada man. An ce min Ukachi ba ta yi musu ba. Ta rufe kwanukanta, ta miƙa mabuɗi, ta ɗauki jakarta ta koma gida Jushi.

Shekaranjiya sai ga Fasto da shugaban 'yan mai a ƙofar ɗakin gwajinmu da kwalabe uku da sandar sabulu a leda. Shugaban ya ce, “Madam, duk Zariya an ce ke ce kika san mai. Abin da kika rubuta shi za mu bi.” Na karɓa, na sa hannu, har na yi musu bayanin kwana nawa gwajin zai ɗauka. An ba kura ajiyar nama, Yaya.

Kin yi min tambaya ɗaya a takardarki, kin ja mata layi biyu: ɗan kaɗan ɗin nawa ne? Tun muna yara ba ki taɓa barina na tsallake magana ba. To ga amsa. Kilo goma sha biyu ne cikin ashirin.

Ranar da aka yi sabulun ba na wurin. Asabar ce, muna jarrabawar gwaji, ɗalibai saba'in a kaina, wata ta fasa kwalba, wani yana neman ya ƙona gashin girarsa. Sai Lovelyn, Uwar Zumunta, ta kira ni. Motar da ke kawo wa Ukachi kaya daga Gabas ta lalace bayan Lokoja, alayyadi kilo takwas kaɗai ta iya kawowa, mata kuma sun riga sun hallara da bokitai. Na ce ta aika gidana a ɗauko man kaɗen Yaya a cika, ya ma fi laushi a fata. Ta ce, “Mama, sodar fa?” Na ce, “Ku bi takarda.” Na kashe waya na koma kan ɗalibaina.

Bari in faɗa miki yadda nake faɗa musu, ko da yake ke kin san shi da hannu. Kowace ƙwayar mai kai ɗaya gare ta da jela uku. Soda ce ke zuwa ta tsinke jelolin, kowace jela ta ɗauki rabonta na soda ta zama sabulu. Jelar alayyadi gajera ce, saboda haka a kilo guda suna da yawa, kamar yadda mudun gero ya fi mudun masara yawan ƙwaya. Baki ya yi yawa, ci ma ya yi yawa. Jelar man kaɗe doguwa ce, a kilo guda ba su kai haka ba, sodar da suke ci ba ta kai ta alayyadi ba. Takardata kuwa awon alayyadi zalla ce. Na zauna na buga lissafin sau uku, ko zai canza don ya ji tausayina. Kusan rabin kilo na soda ya yi saura a tukunyar nan, bai sami man da zai ci ba. Irin wannan ba ya bushewa ya tafi, ko sabulun ya shekara a kan katako. Yana nan zaune har ya haɗu da maiƙo. Fatar mutum kuwa akwai maiƙo a jikinta, ta jariri ga ta sirirya. Abin da ya kamata sodar ta yi wa mai a tukunya shi ta yi wa wuyan Wisdom.

Wannan darasin na 'yan aji biyu ne. Duk shekara ina kayar da yara a kansa, ina rubuta musu da jan biro cewa kowane mai da awonsa.

Ke ba kya sauke sabulun tokarki sai kin taɓa shi da bakin harshe. In ya cije ki, kin san toka ta yi yawa, ki ƙara mai. Akwai wata tsohuwa a Zumuntarmu da take yin haka a shekarar farko. Ni na hana ta a gaban mata, na ce ƙauyanci ne, ga sikeli Allah ya kawo mu zamani. Aka yi mata dariya, tun daga ranar babu wadda ta sake kai sabulu baki.

Kuma ki gafarce ni, takardata ta farko ba ta da gaskiya. Ba jiya na gane ba. Tun a bakin gadon yaron, da na ga yadda fatar ta yi santsi kafin ta saɓule, na san aikin soda ne, na kuma tuna wayar Lovelyn. Kunya ce ta riƙe ni, da tsoro. Babu wanda na faɗa wa sai ke.

Ki gaida Baba Mordecai. Kada ki karanta masa wannan.

Taki,
Winifred

Samaru, Zariya
1 ga Oktoba, 2024

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa, don in ban zubar da abin da ke cikina a takarda ba zai kwantar da ni.

Na yi gwajin. Na yi shi da kaina, ban bar kowa ya taɓa min kwalba ba. Na auna tsamin da ya ɓalle daga man, kaɗan ne, daidai sabon mai. Na duba ko iska ta fara cinsa, ba ta fara ba. Na nemi kala, na nemi kananzir, na nemi baƙin mai, babu ko ɗigo. Alayyadin Ukachi ya fi wanda muke saya a kwalbar kamfani tsabta. Sannan na kankare sabulun na narkar, na ɗiga masa ruwan nan marar launi da ke tona asirin soda. Ɗigon farko bai gama sauka ba kwalbar ta koma ja. Na zubar a kwatami na saki famfo, na daɗe ina wanke kwalbar da ta riga ta fita.

Ga abin da na rubuta musu: an gwada mai kwalba uku, ba a sami aibi ba. Layi huɗu, da sa hannuna da hatimi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sabulun ne kawai ban ambata ba, su ma ba su tambaya ba. Na ce a raina shi ke nan, na wanke Ukachi, na tsira da mutuncina, kowa ya huta.

Ashe wayon banza na yi. Shugaban 'yan mai ya karanta ya ce, to in ba man ba ne, mene ne ya ƙona yaron? Ruwa ba ya tsami banza. Wata a layin ta ce ai kowa ya san Madam ƙawar Ukachi ce, me ake jira ta rubuta? Mijin Happiness ya ce an haɗa baki, har yana maganar 'yan sanda. Yanzu sun yanke za su aika man Kaduna a sake gwadawa, sai sun haɗa kuɗin mota da na gwaji, wataƙila ƙarshen wata. Rumfa tana nan a kulle.

Abin da ke cina shi ne na san abin da ke faruwa a bayan ƙofar nan, su ba su sani ba. Rufin kwano ne, rana ta buga da tsakar rana, ruwan sama ya jiƙa bango da yamma. Zafi da laima su ne abokan gabar mai. Kowace rana tsami yana ƙaruwa a jarkokin manja, iska tana cin man gyaɗan da ke buɗaɗɗun kwanuka. In aka kai ƙarshen wata aka ɗebi sabon samfuri daga can, na Kaduna za su rubuta cewa man ya lalace, kuma gaskiya za su rubuta. Ranar nan Ukachi ta gama sayar da mai a Sabon Gari. Mace mai 'ya'ya uku a makaranta, mijinta ya rasu, shekara talatin tana gina sunan nan.

A coci kuma an fara kallon Lovelyn a kaikaice, wai ko ita ce ta kuskure sikeli. Ta rame, baiwar Allah, tana rantsuwa cewa abin da ke takarda shi ta auna. Gaskiyarta ne. Ba ta ma san tambayar da ta yi min a waya ita ce maganar duka ba. Ranar Lahadi ta riƙe hannuna ta ce, “Mama, ke kaɗai ce ba ki zarge ni ba.” Wata kuma ta fara tambaya daga wane ƙauye aka kawo man kaɗen.

Na faɗa wa Baban Augustine. Ya ce saura wata takwas in yi ritaya da sunana mai kyau, yaron yana warkewa, maganar kasuwa kuwa kwana nawa ne an manta. Ya ce ba da gangan na yi ba, Allah ya sani. Ƙauna ce ta sa ya faɗa, na sani, kuma abin da kunnena ke son ji ke nan. Shi ya sa na ji haushinsa, na hana shi tuwo da fuska mai kyau kwana biyu.

Ban je Jushi wurin Ukachi ba. Sau biyu ina hawa mota daga Samaru, in na kai Kwangila sai in sauka in tsallaka titi in dawo. Ita ma ba ta kira ni ba. Shekara ashirin da bakwai ina aikin nan ana yi wa rogo kallon kitse, Yaya. Ina tsoron ranar da ɗalibaina za su ji, ina tsoron idon Happiness. Gaya min abin da zan yi, ko da zagi ne.

Ƙanwarki,
Winifred

Samaru, Zariya
9 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yaya Susanna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kun tashi lafiya. An sallami Wisdom, yana gida. Likita ya ce tabon wuyan zai dushe in ya girma, na cinya ne ba su da tabbas.

Takardarki ta zo ranar Laraba, direban ya kawo min har ofis don kin ce masa ta gaggawa ce. Na nemi zagi, ba ki ba ni ba. Kin ce kawai in ban buɗe baki ba kafin Lahadi, za ki hau mota da sandarki ki zo cocinmu ki ce man kaɗenki ne ya ƙona yaron, su kulle ki a huta. Na san ki, za ki aikata. Na zauna ina hango ki tsaye a gaban mutanen Samaru, ba kya ma jin abin da suke ce miki, kina ɗaukar kayan da ba naki ba. Na yi kuka a ofis har mai shara ta leƙo.

Ranar Alhamis a taron Zumunta, bayan waƙa ta biyu, na nemi izini na tashi. Na riga na ciro takardar awon daga sito, tana hannuna. Na ce musu man Ukachi lafiyarsa ƙalau, sikelin Lovelyn daidai yake, man kaɗen yayata ba shi da laifi. Na ce an tambaye ni maganar soda, na amsa ba tare da na yi tunani ba, ni ce na ƙona Wisdom. Na yi musu bayanin gero da masara. Ban taɓa koyar da darasin nan aji ya yi tsit haka ba.

Lovelyn ta rufe fuska da gyale. Wasu suka fara cewa ai kuskure ne, kowa yana yi, a yi addu'a a rufe. Har na fara jin sanyi a raina. Sai Happiness ta miƙe daga baya, yaron yana kafaɗarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Mama, ranar da kika zo Shika kika ɗora hannu a kansa, kin riga kin sani?”

Na ce e.

Ta ce, “Kika bar ni na je kasuwa na tozarta uwar wasu?”

Ta goya ɗanta ta fita, ba ta jira addu'ar rufewa ba. Na ajiye aikin sabulun a ranar. Abin da mijinta zai yi ban sani ba, Fasto yana magana da shi, duk abin da ya zo zan karɓa. A wurin aiki ma labari ya kai, ɗalibai suna gaishe ni da ladabin da ya wuce na da.

Ranar Litinin na tafi Sabon Gari tare da Fasto. Na tsaya a tsakiyar layin 'yan mai, tsakanin masu turin baro da masu ciniki, na sake faɗar maganar daga farko, na ba shugabansu a rubuce. Wata ta yi tsaki, wata ta ce da Turancin kasuwa wai dubi masu ilimi. Aka aika Jushi aka kira Ukachi, aka ba ta mabuɗinta. Da ta buɗe ƙofa warin ya fito ya tarye mu. Man gyaɗan kwanuka duk ya tafi, manja jarka biyu sun yi tsami. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, tana jan na banza gefe. Ta rame sosai, zanin ma sai da ta sake ɗaurawa.

Da mutane suka watse na matsa na ce, Ukachi, ki yafe min, ban san ta inda zan fara ba. Na soma yi mata bayanin sodar. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, “Winnie, ni na kai man coci a keke mai ƙafa uku ranar nan. Ina tsaye kusa da Lovelyn da ta kira ki. Na ce mata kaɗe ba ya cin soda kamar alayyadi, uwata sabulu take yi a garinmu. Ta ce Mama Lab ta ce a bi takarda. Sai na yi shiru, na ce wataƙila ke kin san abin da ban sani ba.”

Na ce, to me ya hana ki faɗa ranar da suka kulle ki?

Ta ce, “In faɗa a kasuwa? In sa sunanki a bakin mutanen nan? Na ce wa yarana, ku bari, Winnie za ta zo da kanta. Duk sanda aka buga ƙofa sai in ce ga ta nan. Sati uku ina ce musu za ki zo.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Wata mata ta zo da kwalba tana tambayar manja, ta juya ta auna mata daga jarka mai kyau. Akwai wani ɗan benci a bakin rumfar, duk zuwana a kansa nake zama mu ci gyaɗa mu yi gulmar Zariya. Ina tsaye ta ɗauko jarkar da ta lalace ta ɗora a kai. Ban sani ba ko wurin ajiyewa ta rasa. Na tsaya kusan awa guda, ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba. Da zan wuce na ce sai an jima, ta ce in gaida gida, idonta yana kan mazurari.

Sunanta ya wanku, Yaya, masu saye sun fara dawowa. Abin da na ɓata a sati ukun nan ne ban san awonsa ba. Ranar Asabar zan koma, da wadda ke biye, ko a tsaye zan yini.

Kada ki zo, ki zauna ki kula da ƙafarki. Ki gaida Baba Mordecai, yanzu kina iya karanta masa duka.

Ni ce ƙanwarki,
Winifred